Makullin da na ƙulle a bakin zanina

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji uku a firamare, aka shigo da ƙanena Habu daga gona a kafaɗar Baba, an ɗaure masa ƙafar hagu da tsumman rawani. Fura ya je kaiwa, kububuwa ta sare shi a kunyar gyaɗa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, Inna tana fama da ɗanyen itacen da ya ƙi kamawa. Shekararsa shida. Ko kuka bai yi ba, sai cewa yake a ba shi ruwa. Ƙauyenmu yana can cikin fadama tsakanin Dutse da Kafin Hausa, in damina ta zauna hanyar da ta haɗa mu da kwalta takan koma taɓo da kududdufai. Mota guda ce tak a garin, sabuwar a-kori-kurar Alhaji Gambo mai sayen hatsi. Na bi Baba a guje har ƙofar gidansa, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Ban taɓa ganin Baba ya durƙusa wa wani ba sai ran nan. Ya ce, "Alhaji, ka taimaka, yaron nan sai asibiti." Alhaji ya dubi sama, ya dubi motarsa da ake gogewa, ya ce, "Malam Isa, ka san halin hanyar nan. In ruwa ya shiga injin wa zai gyara min? A nemi mai magani, Allah zai sawwaƙe."

A amalanke aka ɗauki Habu, shanun nomanmu biyu suna ja. Ba su kai kwalta ba. Kafin la'asar amalanken ya juyo, Baba yana tafe a ƙasa yana riƙe da igiyar shanun, ba ya kallon kowa. Washegari muna zaman makoki sai muka ji ƙugin mota. Ta Alhaji ce, an lafta mata buhuna, ta ratsa ruwan nan dai da aka ce zai kashe ta, ta wuce kasuwar Ringim, ta dawo lafiya lau. Da yamma ya zo gaisuwa cikin farar riga, har shi ya ɗaga hannu ya ja addu'a. Ina leƙe daga bayan zana. Tun daga ranar na tsani mutumin nan, tsanar da ban san zuciyar 'yar shekara tara za ta iya ɗauka ba.

Na yi masa duk abin da ƙarfina ya kai. A makaranta na daina shiga gaɗa in 'ya'yansa suna ciki, in aka raba mana shara tare sai in tura musu tawa ƙurar. In na fita kiwon awaki nakan tsinko ƙayar aduwa in jera a inda motarsa ke bi, in laɓe ina jira, ta taka ta wuce kamar ba a yi ba. In na idar da salla kuwa addu'ata ɗaya ce, ban kuma taɓa faɗa wa malaminmu na allo ba don na san bulalar da zan sha. Inna ba ta ƙara ambatar sunansa ba, "mutumin can" take cewa. Motocin kara da Habu ke haɗawa da tayoyin murfin kwalba ta tattara su ta zuba a kwalla ta rufe.

Baba ya ci gaba da aikin gonarsa har kaka ta yi. Ana gama sussuka ya kora shanun nan biyu kasuwa, bayan kwana huɗu sai ga shi daga Dutse da wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda duka tayoyinta huɗu ke ja, wata mota tana janye da ita da sarƙa. Ba gilashi, ƙofa ɗaya ɗaure da waya. Gari ya yi ta dariya, aka ce baƙin ciki ya taɓa Malam Isa, ya sayar da shanu ya sayo akurkin kaji. Abin da suka manta shi ne da ƙuruciyarsa direba ne, ya yi shekaru a tasha kafin ya dawo noma. Rani biyu ya yi a ƙarƙashin motar nan, da shi da wani mai walda da yake zuwa ranar Asabar. Ya ƙara mata sifirin har ta ɗaga, sai na taka taya nake hawa. Ya sa manyan tayoyi masu zurfin zane. Bututun da injin ke shan iska ya jawo shi ta gefen gilashi ya miƙe sama da rufin, salansa ma ya ɗaga ta, wayoyin wuta ya naɗe su da robar tsohon tub na taya ya shafe da giris. A baya aka kafa ƙarafa aka rufa tamfol, aka shimfiɗa katifa a kan katako, aka sa ƙugiya a sama don rataya ledar ƙarin ruwa. Ya haɗa tanki na biyu, ya ce in likitan Dutse ya ce a wuce Kano ba zai tsaya neman mai a hanya ba. Jarkar ruwa, shebur, falanki biyu, igiya, kowanne da wurinsa. Bakin motar kullum yana kallon hanya, tanki a cike, makulli kuma a jikin ƙusa a zaure, don kada ya faɗi a gona.

Da damina ta dawo masu dariya suka yi shiru. Masu naƙuda, waɗanda zazzaɓi ya kayar, tsofaffi, duk ta kwasa. Shekarar da ruwa ya ci rugagen da ke gangare, yini guda ta yi tana jigilar mata da yara da 'yan tumakinsu zuwa firamarenmu da ke kan tudu. Baba yakan ce, "In an zo kira, a tada mota tukuna, sannan a tambayi gidan wa." Ni kuwa duk sanda ta ratsa ƙofar gidan Alhaji tana watsa taɓo, sai in ji sanyi a raina.

Ina aji shida abin ya faru. An kwana uku ana marka. Da hantsi ina bakin rijiya na ji mata suna cewa katangar ɗakin ajiyar Alhaji Gambo ta rufto masa, ƙafarsa ta ragargaje, ruwa kuma ya kai ƙirji a mashigi, ba motar da za ta iya sai tamu. Ban cika tuluna ba. Na riga ɗan aike zuwa gida, na zare makullin daga ƙusa, na ƙulle shi a bakin zanina, na soke, na ɗauki taɓarya na hau surfe. Aka kirawo Baba daga gona, aka kawo Alhaji a kan ƙyauren ƙofa aka ajiye shi a bakin zaurenmu. Makulli ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. An kakkaɓe tabarmi, an tona ƙasar zaure, an zazzage aljifan riguna. Baba ya haɗa waya injin ya tashi, amma sitiyarin a kulle yake, sai aka tura neman guduma da kurfi. Rana tana ta ɗagawa. Na leƙa ta ɓular zana na ga Alhaji, farar rigarsa ta koma ja da laka, yana nishi, yana kiran sunan Allah, yana cewa, "Malam Isa, don Allah." Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na ce a raina, kai ma ka ɗanɗana jira.

Inna ce ta gane. Ni da ko faɗan kaji aka yi sai na je kallo, yau gari ya taru a ƙofarmu ina ta dakan hatsin da ya riga ya surfu. Ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, ta saki labule, ta laluba ƙuguna har ta taɓo ƙullin. Na ɗauka mari za ta kai min. Na ce, "Inna, shi ya kashe Habu." Ta dube ni, idonta a bushe. Ta ce, "Rakiya, ke kika haife shi ko ni? Kina zaton ban fi ki so in ga bayan mutumin can ba? In ya mutu yau ya huta. Ni so nake ya rayu, ya daɗe, kullum ya buɗe ido ya san motar uban Habu ce ta ɗauke shi." Ta kwance ƙullin ta danƙa min. "Fita ki ce a bayan randa kika gani."

Haka na faɗa. Jama'a suka ɗauki salati, wata tsohuwa ta rungume ni. An kusa kiran azahar motar ta tashi, na bi ta da ido har ta shiga ruwan, bututun nan kawai da tamfol ake hange. A Dutse aka ce su wuce Kano. Bayan wata guda Alhaji ya dawo da ransa, amma ba ƙafar dama, an yanke ta daga gwiwa. Ko katangar ce ta cinye ta tun farko, ko sa'o'in da makullin ya yi a ƙuguna, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayar wani likita ba duk da yanzu a cikinsu nake aiki.

Alhaji ya yi shekaru masu yawa bayan haka, yana zaune a ƙofar gida da sandunansa. Burin Inna ya cika, in Baba ya wuce sai Alhaji ya sunkuyar da kai. Amma ni ba a bar ni na ci nawa daɗin ba. Duk sanda na gifta sai ya kira ni, ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ce yarinyar da ta gano makulli. Ba don ita ba da tuni an manta da ni. Allah ya yi miki albarka, 'yata." Sai in durƙusa in ce amin. Ranar bikina har turmin atamfa ya aiko. Baba ya rasu bai san komai ba.

Yanzu kwalta ta shiga har cikin gari, daga ƙofarmu zuwa Dutse bai kai a dafa shinkafa ba, kowane lungu akwai mai babur da lambar waya. Motar tana bayan gida a kan duwatsu, awaki suna fakewa a ƙarƙashinta. Inna ta tsufa, in na kai mata ziyara mukan zauna a inuwar zana mu yi hirar kowa da komai ban da wannan. Wani lokaci nakan yi kewar yarinyar nan da nake a da, wadda ta san sarai wane ne mai laifi, ta kwanta ta yi barcinta. Alhaji Gambo ya mutu ban yafe masa ba, shi kuma bai san akwai abin da zai yafe min ba.