Shinkafar da Muka Turo a Kan Allunan Zane

Ƙafafunsa na fara gani. Laka ta bushe musu har gwiwa ta tsattsage, ga shi zaune a kan jarka, ya riƙe wani siririn buroshi a hankali kamar an ba shi jariri. Ina dawowa ne daga kai saƙon Inna a wani ƙauyen bakin ruwa kusa da Yelwa, da littafin soyayya a ɓoye cikin hijabina. Mutane ne maza da mata a inuwar wata tsamiya, duk sun ba hanya baya sun fuskanci ruwa, kowa da allon katako a cinya yana shafa masa fenti.

A littattafan da na girma da su, saurayi daga mota yake fitowa, ƙamshin turare na biye da shi. Wannan ƙarnin taɓo yake yi. Amma da ya ɗago ya dube ni, sai da na manta hanyar gida.

"Ɗiyata, ki zauna ko ki wuce, kin tare muna iska," in ji wani dattijo mai tabarau.

Na zauna. Dattijon tsohon malamin firamare ne, shi ya tara su bayan ya yi ritaya. Duk Asabar suke haɗuwa su zana bakin ruwa: ciyayi, duwatsu, balbelu, jiragen masunta. Ragowar fentin gini suke roƙa, allunan kuma guntayen katako ne daga wurin kafinta. Akwai wata tsohuwar nas, Kirista daga ƙauyukan kan tudu, kowa na ce mata Mama. Akwai wani ɗan kabu-kabu da bakinsa ba ya hutawa. Dokar Malam guda ce: abin da idonka ya gani yau shi za ka zana, in wurin ya canza ka gyara allonka.

Shi mai ƙafafun laka gonarsa kaɗai yake zanawa. Shinkafa ce a fadama, daf da ruwa, da wani dogon suri a tsakiyarta. Ni ban iya komai ba, sama kawai nake shafawa shuɗi ina satar kallonsa. Kafin damina ta yi nisa mun fahimci juna, har Baba ya ce magabatansa su zo bayan girbi.

Wata rana yana wanke buroshi ya faɗa mini sauran maganar. Bara ruwa ya cinye gonar. Yayyensa duk sun tafi ramukan haƙar zinari wajen Ngaski, ɗaya ƙasa ta rufta da shi. "In bana ma ta tafi, ni ma rami za ni," ya ce. Bai ɗago kai ba da yake faɗa. Tun daga ranar na daina ganin shinkafar nan a matsayin kore mai kyau. Duk sallah sai na roƙa mata.

Ƙarshen damina kogi ya fara cika. Wata Asabar Malam ya tsaya a bayansa, ya dubi allo, ya dubi gona, ya ce, "Gyara." Ruwa ya taɓa gindin surin. Mai gonar ya haɗa fari da ruwan ƙasa ya shafe ƙasan korensa. Asabar ta gaba ya ƙara shafewa. Ina zaune kusa da shi ina kallon hannunsa yana cinye gonarsa da kansa, layi bayan layi. Shinkafar kuwa ba ta nuna ba. In ka matse ƙwaya, farin ruwa ke fita kamar nono.

"Malam, ka ɗage dokar nan mana," na ce. "Ba ka ganin halin da yake ciki?"

"In na ɗage, ruwan zai koma?" Muryarsa ta yi rauni, ya cire tabarau yana gogewa.

Ranar da abin ya faru, mai gonar ya ja layin ruwa a ƙugun surin da safe. Fentin bai bushe ba ruwan ya wuce layin. Ya dubi gona, ya dubi allo, ya ajiye buroshi a ƙasa ya ruga bakin gaɓa neman jirgi. Babu ko ɗaya. Kowane mai jirgi yana can yana ceton tasa shinkafar ko ta ɗan'uwansa. Ya dawo da lauje biyu da ya aro, ya tsaya yana juyi. Ko ya yanka, da me zai fito da ita?

Mama ce ta tashi. Ta ɗauki allonta, wanda ta yi damina guda tana zana balbelu a kai, ta ɗora shi a kan ruwa. Ya tsaya bai nutse ba.

"Mama, balbelun naki!" in ji Malam.

"Su tashi mana, ba fuka-fuki gare su ba? Kawo naka, tsoho."

Haka muka shiga, mu duka. Na ɗaure hijabina a ƙugu. Ruwan ya fara daga cinya, kafin mu kai tsakiya ya kai mini ƙirji, ga sanyi, ga shi yana jan mutum. Maza suna lalube a ƙarƙashin ruwa suna yanka, mu muna tara zangarniya a kan alluna muna turawa gaɓa, mu juye mu komo. Tururuwa sun dunƙule a kan duk karan da ya leƙo, da ka taɓa sai su hau maka hannu. Matsattsaku suka kama mini ƙafa, ban tsaya cirewa ba. Malam da tsufansa yana gaɓa yana jan damin da muka kawo, yana faɗuwa yana tashi.

"Amarya, riƙe da kyau, lefenki ne wanga!" ɗan kabu-kabu ya ƙwala mini.

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ban daina turawa ba. Ina ta faɗa a raina, ya Allah ko rabi, ko rabin rabi. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya fara ɓarewa falle-falle. Allon farko ya rabe a hannun Mama, damin ya bi ruwa. Shi kuwa mai gonar ya ƙi fitowa har sai da ruwa ya kai masa haɓa, maza biyu suka jawo shi yana fizgewa.

Abin da muka ceto muka shanya a barandar wata makaranta. Sama ta ƙi buɗewa. Kullum ina zuwa ina juya shinkafar da hannuna, ina shinshinawa, ina ce wa kaina warin nan na laka ne. Ta yi baƙi, ta yi tsami. Da aka kai ɗan abin da ya bushe inji, gari ya fito da ƙaiƙayi.

Na durƙusa gaban Baba, abin da ban taɓa yi ba a kan maganar namiji. Baba ya ce shi bai nemi shinkafa ba, yaron ya turo magabatansa. Na tafi da gudu na same shi yana ɗaure kaya a buhu.

"Baba ya yarda," na ce. "Ko ruwa ne zan sha tare da kai. Ko a bukka."

"In kai ki gida ki ci mi? Innata ma ban san abin da zan ba ta ba."

Na riƙe bakin buhun. Na faɗa masa duk kalaman da na haddace, waɗanda nake da yaƙinin ba zuciyar da ba sa karyawa. Ya saurara har na gama, sannan ya zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kabu-kabu ne ya kai shi tasha.

Ramin bai rufta da shi ba. Shekaru bayan haka, ina da aure har da yara, wani direban da ke kai albasa kudu ya ce ya gan shi a wata kasuwa can. Ƙurar dutse ta shiga ƙirjinsa, ba ya iya ɗaukar buhu, sai aka ba shi gadin rumfar albasa. Ya rame, yana tari, yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Tun rasuwar mahaifiyarsa bai sake zuwa gida ba.