Gayyar da muka yi wa karafan ɗin Kawu

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar kai kaya ta wani kanti a unguwar Murabba, kawuna ya samu ɗaki nasa na kansa a karon farko tun zuwansa Riyad. Ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Maradi, ya daɗe yana kwana cikin taron maza a ɗaki guda a unguwar Jaradiya, ga ciwon baya, ga tari, ga matasa masu waya a kunne har barci ya ɗauke su. Sai kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya fara gina gida a can gefen gari, ya sa shi gadin filin, ya kawo masa karafan.

Wanda bai san karafan ba, ɗaki ne na ƙarfe da katako da ake ɗauko shi sukutum a kan mota, a dire shi a kan ƙafafu huɗu. Hukumar gari, wadda a can ake kira baladiyya, ta yarda a ajiye shi ne saboda aikin ginin, a cikin filin, kuma a matsayin abin da za a iya ɗagawa a tafi da shi in an gama. Kafil ya faɗa wa Kawu haka da Larabci, Kawu ya ce "ɗayyib, ɗayyib", wato "to, to", hankalinsa yana kan mukullin da ke hannunsa.

Ranar da na je ganin ɗakin, na tarar da shi tsaye a ƙofa yana kallon ƙasa.

"Ɗana, ɗaki ya yi, amma ba wurin zaman baƙo," in ji shi. "In mutum ya zo gaishe ni, a kan yashi zan zaunar da shi?"

Dakali kawai yake so. Ya faɗa wa mutum ɗaya a masallaci, kafin Juma'a ta zagayo magana ta zama gayya. Kun dai san mu. 'Yan Maradi suka zo, Damagarawa suka ce ba za a bar su a baya ba. Akwai magina, akwai mai walda, akwai mai gyaran famfo, kowa da abin da ya rage a wurin aikinsa. Abokina magini shi ya zama sarkin gayya, ba wanda ya naɗa shi.

Na ja shi gefe na ce, "Abokina, an kuwa tambayi baladiyya?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa jin wanda ya nemi izini kafin ya yi dakali a ƙofar gidansa?"

Aka yi mini dariya. Ni kuma da yake ba na son a ce na fi kowa tsoro, sai na naɗe hannun riga na kama kwaɓa siminti. In an zo lissafin masu ƙwazo a ranar, ina cikin na gaba.

Kafin magariba, dakali ya tsaya, kuma da yake ƙofar ɗakin titi take kallo, rabinsa a kan hanyar jama'a ya zauna. Mai walda ya kafa rumfa ya liƙa ta a jikin karafan. Mai famfo ya yi wurin alwala. Wani ya ce iska tana girgiza ɗakin, dattijo ba zai ji daɗin barci ba, sai abokina ya haƙa rami a gindin kowace ƙafa ya zuba kankare har da rodi. Aka sha shayi, aka yi addu'a, Kawu yana ta sa albarka har muryarsa ta dushe.

'Yan makonni ya yi yana more wurin. Sai ga ma'aikacin baladiyya ya biyo ta layin, ya tsaya, ya zagaya ɗakin, ya ɗauki hotuna. Kawu ya kira ni in yi masa tafinta. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce izinin da aka bayar na abin da ake ɗagawa ne, wannan kuwa gini ne, kuma ya shigo titi.

"Mamnu'u," ya ce, yana buga dakalin da takalminsa. Wato an hana. A cire duk abin da aka ƙara, a ja ɗakin ciki, kafin ya dawo.

Kafil da ya ji an ci shi tara, sai da na nisanta waya daga kunnena. Ya ce ya fasa, a kwashe karafan ɗin, Kawu ya koma inda ya fito ya riƙa zuwa gadi daga can. Na yi ta ba shi haƙuri da ɗan Larabcin da nake da shi, har ya ce to, in motar ɗaga kaya ta zo ta iya ɗaga ɗakin lafiya ta matsar da shi, ya bar wa Kawu.

Sai na sake kiran gayya. A nan ne raina ya ɓaci, kuma wallahi har yau bai gama hucewa ba. Mutanen da suka cika layi ranar gini, ko ɗaya bai zo ba. Da na matsa wa abokina, sai ya ce:

"Haba, ka san abin da kake nema kuwa? In ɗauki guduma in rushe wurin dattijo yana kallona? Ni ba a yi mini tarbiyyar haka ba."

"To in ba a rushe ba, ɗakin za a ƙwace masa gaba ɗaya!"

"Allah zai kawo mafita," in ji shi, ya kashe waya.

Duk wanda na kira, amsar ke nan. Kunya ta hana su. Ni da Kawu mai ciwon baya muka kama aikin, ni da guduma, shi da kwasar ɓaraguzai a bokiti. Dakali ya tafi, rumfa ta tafi, ƙafafu uku suka fita. Ta huɗun kuwa abokina ya zuba mata basirarsa duka. Na sara har tafin hannuna ya fashe, na ga kamar ta saki.

Mota ta zo, aka ɗaura igiyoyin ƙarfe, aka fara ɗagawa. Kusurwa uku suka tashi, ta huɗu ta ƙi. Muka ji ƙara, daɓen ɗakin ya yage daga wannan bango zuwa wancan, butar Kawu ta faɗo ta ramin. Kafil da ke tsaye yana kallo ya shiga motarsa ya tafi. Washegari aka kwashe karafan ɗin a matsayin ƙarafan bola, ni kuma na mayar da Kawu da katifarsa Jaradiya.

Tun daga lokacin, duk inda aka kira gayya a Riyad, tambayata ta farko ita ce ina takardar izini. Har suna suka sa mini, wai Baladiyya. Ban damu ba. Na ga yadda alheri yake zama ɓarna in aka yi shi a ƙasar da ba a tsaya an san dokarta ba, kuma na ga wanda aka yi wa alherin shi ya kwana a ciki.

Kawu ya koma Maradi yanzu. Kwanaki muna waya, na ji yana ba wasu baƙi labarin "gidan da 'yan'uwa suka gina mini a Riyad". Na kasa haƙuri, na ce, "Kawu, su fa suka raba ka da ɗakin nan."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Amma duk zamana a ƙasar nan, a makonnin nan ne kawai aka yi sallama a ƙofata na ce a shigo."

Sai na tambaye shi ya jikin.