Rigar Siminti a Zauren Muntaka

A Jambutu, can gefen Garwa, in baƙo ya tambayi hanya a zamanin Shugaba Ahijo na Kamaru, ba mai ba shi sunan titi. Sai dai a ce masa, "Miƙe har ka ga zauren Muntaka, sai ka yi dama." Zauren kuwa ba ya ɓuya. Jan gini ne mai zankwaye, fuskarsa cike da zanen da aka ja da yatsu tun ƙasa na ɗanya.

Muntaka magini ne, gado ya yi. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, diddigensa duk faso saboda cuɗa ƙasa. Rabin gidajen mahauta da dillalan shanun unguwar nan shi ya ɗora tubalinsu. Amma zauren ƙofar gidansa ne abin ƙaunarsa. Kowace shekara kafin damina sai ya kafa tsani, ya sake yaɓe, ya shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwan sama, ya maido da zanen nan da yatsunsa.

Bakinsa kuwa ba dama. Wanda ya yi karkataccen bango ya sha zagi, wanda ya bar indararo ya toshe ya sha. Mutum ɗaya ne a duniya ya tsira daga harshen nan: Mahamman, ɗansa na fari. Kunyar ɗan fari ta hana Muntaka ko kama sunansa. "Wancan" yake ce masa. In yana da magana da shi, sai ya fuskanci bango ya ce, "A gaya wa wancan an kira salla," alhali wancan ɗin na zaune kusa da ƙafarsa.

Mahamman ya girma ya sami aiki a masaƙa. A lokacin unguwa ta fara canza kama: an ja tituna sun miƙe, kwano yana ta korar jinka, ko'ina ka juya bulo. Wata rana ya dawo daga aiki ya tarar da tsohon a kan tsani, ƙafa tana rawa. Da sati ya zagayo sai ga amalanke cike da buhunan siminti, da ma'aikata. Mahamman ya durƙusa nesa kaɗan da ubansa, yana magana da ƙasa.

"A gaya wa Baba ya huta da hawan tsani. Za a yi wa zaure rigar da ba ta tsufa."

Muntaka ya san abin da siminti ke yi wa ginin ƙasa. Laima za ta shiga ta baya, ta rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye yayin da fuska ke ƙyalli. Ya buɗe baki, sai ya saci kallon yaron, ya ga yadda idonsa ke haske. Wannan ne abu na farko da ya taɓa kawo wa ubansa da guminsa.

"Allah ya yi albarka," in ji Muntaka, yana kallon bango.

Maƙwabcinsa Zacharie, Kirista ne daga duwatsun Poli mai sayar da albasa, shi kaɗai ya ji gaskiyar magana.

"Haba, Sarkin Magina!" in ji Zacharie. "Kai da kake zagin duk unguwa? Gaya masa mana. In ba za ka iya ba, ni zan faɗa."

"Ka faɗa, ni da kai mun ɓata," in ji Muntaka. "Yaro ya kawo mini hutu, in ce masa rushewa ya kawo?"

Aka shafe zaure da siminti, aka yi masa farin fenti. Mutane suka yi ta barka. Muntaka ya amsa, ransa na ƙuna, don zanen yatsunsa ya shige ciki ba a ganinsa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, yana jin ƙarar tana zama irin ta ƙwaryar da ba komai a ciki. Sai ya ɗauke tabarmarsa ya koma gindin darbejiya. Ya fasa wata ƙofa ta gefen gida, ya hana kowa bi ta zaure. Duk wanda ya fake a ciki sai ya kore shi da masifa. Matarsa Dela ta ce tsufa ne ya zo masa da baƙin hali, unguwa ma ta yarda. Ya bar su a haka.

Wata la'asar cikin marka, zauren ya yi wani nishi ya zauna. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, don ba kowa a ciki.

Jama'a suka taru cikin yayyafi, wasu har sun fara ƙus-ƙus a kan simintin. Muntaka ya hango Mahamman yana tahowa da gudu, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Harsashin ne! Ni na yi ganganci tun farko, ban haƙa da zurfi ba."

Maginin da zaurensa ya faɗi, kuma da bakinsa ya ce aikinsa ne bai yi kyau ba, wa zai sake kiransa? Ya san haka sarai, kuma maganar ta yi masa ciwo fiye da faɗuwar ginin.

Mahamman ya tsuguna a kan ɓaraguzan. Ya duba harsashin, yana nan daram. Ya juya wani falle na simintin, sai ga baƙar ƙasa jiƙe sharkaf tana wari. Da ya share ta, ga sawun yatsun ubansa kwance a cikin simintin, layi bayan layi. Ya dubi ƙofar gefen gida, ya dubi tabarmar gindin darbejiya. Ya dubi Zacharie, Zacharie ya kau da kai. Mahamman ya daɗe a tsugune, ruwa na sauka a ƙeyarsa, sannan ya ɗauki fallen nan ya shiga gida da shi.

Da kaka ta yi, ranar Lahadi da hantsi, Muntaka ya ji motsi a ƙofar gida. Ya fito ya tarar da tulin jar ƙasa da ciyawa. Ga Mahamman, ma'aikacin masaƙa, a tsakiya, ya naɗe wando har gwiwa, yana cuɗawa kamar wanda ƙaya ta soka, ko kaɗan bai iya ba.

Tsohon ya tsaya yana kallo. Ya juya ya fuskanci inda bangon yake a da.

"A gaya wa wancan," ya ce, "ƙasar ta yi tauri. Ya ƙara ruwa."