Man Shanun Hassana

Bana shekara hamsin da biyar ke nan da rasuwar kakata Husaina a Aliero. Ni ta riƙa, ni kuma na yi jinyarta ina amarya, don haka ba labari aka ba ni ba.

Tagwaye ne ita da Hassana. Turawa ba su daɗe da zuwa ba aka yi wata yunwa, uwarsu ta kasa ci da biyu. Aka miƙa Hassana ga wasu Fulani abokan arziki a wajen Maiyama, ta tashi a kan nono da man shanu, can ta yi aure. Husaina ta zauna gida, tuwo da dare, ɗumame da safe, fura da rana.

Da tsufa ya zo, Hassana ba ta manta ko sunan ɗan maraƙi ba. Kakata kuwa sai ta ajiye ludayi ta hau nemansa yana hannunta. Daga baya ta daina gane ɗiyanta. Ni kanta kan ce mini, "Ke ɗiyar wa?" Wallahi har yau abin na sukata.

Mutum ɗaya ta riƙe, Hassana. Duk ranar kasuwar Jega, in Hassana ta sai da nononta, sai ta biyo da ɗan ƙoƙon man shanu, ta lakata da yatsa ta sa mata a baki. "Tuwon ga ya cinye miki kai," in ji ta. Mu kuwa mu yi ta dariya, wai ƙauyancin daji.

Sai Hassana ta riga ta tafiya. Ranar kasuwa kakata ta zauna bakin ƙofa tana tambaya, "Hassana ba ta zo ba?" Muka faɗa mata gaskiya, ta yi kuka. Wani mako ta sake tambaya, ta sake kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Daga nan muka koma ce mata, "Tana tafe." A kan haka ta cika.

Yanzu ga ɗiyata Balki ta zo da sabon yayi: a rage tuwo da sukari, a ci ƙwai, kifi da mai, wai don ƙwaƙwalwa. Likita ya ce ana kan bincike, ba a tabbatar ba. To, madalla! Da Hassana na raye, ai sai ta ce mun gama dariyar ke nan?

Ban san ko man ne ya tsare ta ba, ko nufin Allah ne kawai. Amma ina ci, don tsoro nake ji. Na fara neman abin da ke hannuna.

Shekaranjiya na kira Balki na ce, "In na fara tambayar matattu, kar ki gaya mini gaskiya. Ki ce suna tafe."

Ta sunkuyar da kai.

"Inna," ta ce, "jiya kin tambaye ni ina Baba, Allah ya ji ƙansa. Haka na ce miki."