Ƙofar da Malam Sabo Ya Bari a Buɗe

Har yau ban manta da ranar da na gwada aikina na farko a reshenmu na Ajingi ba. Lokacin ina sabon ma'aikaci a sashen kwamfuta na wata ƙungiyar manoma, kuma Malam Sabo, wanda ya koya mini rubuta firogiram tun ina ɗalibi, shi ya kawo ni wurin.

Sabarmu, wato babbar kwamfutar da manhajar rijistar manoma ke zaune a kanta, tana ofishin Gaya. Duk sanda manhajar ta sanƙare, sai manoma su yi ta zama a rana har a samu wanda zai je ya tashe ta. To kowace saba tana da ƙofar gudanarwa, wadda ake shiga daga nesa da suna da kalmar sirri. Manajarmu, Hajiya Bilki, ta ce in rubuta firogiram da zai shiga ta nan ya duba lafiyar manhajar, ya tashe ta in ta tsaya.

Na rubuta, na gwada a kwamfutata da kalmar sirrin da masu ƙera manhajar ke sawa ta wucin gadi, wadda kowa a sana'ar ya sani. Ranar gwajin, ana gab da rabon takin damina, aka tara ma'aikata aka kunna majigi. Na sa adireshin sabar Gaya, ina shirin roƙon kalmar sirri ta gaskiya. Kafin in buɗe baki, firogiram ɗin ya shige da waccan kalmar ta wucin gadi. Komai na sabar ya bayyana a bango.

Hajiya ta ce, "Nasiru, wa ya ba ka kalmar sirri?"

Na ce, "Babu kowa, ranki ya daɗe. Ta masu ƙera manhajar ce, ba a taɓa canza ta ba."

"Kenan kowa zai iya shiga ya taɓa rijistar mutane? Wa ya haɗa sabar nan?"

Wallahi ban san amsar ba sai da na ga Malam Sabo ya miƙe a hankali ya ce, "Ni ne, Hajiya."

Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ta yi masa faɗa a gaban yaran da ya koyar, ni kuwa kaina na ƙasa har aka tashi. A makon aka karɓe kula da sabar daga hannunsa aka ba ni.

Na daina bin hanyar teburinsa. Shi ne ya same ni bayan la'asar wata rana, ya ja kujera ya ce, "Kai, bar sunkuyar da kai. Matso mu canza kalmar sirrin tare, akwai wasu ƙofofin ma da ba ka gani ba."

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, kada ku fara gwada aiki a gaban taro. Ku tambayi wanda ya gina abin tukuna, ku gwada ku biyu. Kowace saba mutum ne ya haɗa ta, kuma watakila yana zaune a ɗakin.