Hoton Wuyan Maitama Wanzami

Maitama wanzami ne a Gozaki, ɗan wanzami, jikan wanzami. Yana da shekara talatin da takwas hannunsa na dama ya fara yi masa gardama. Yatsun su mutu kamar an kwana a kansu, bayan wata biyu su dawo, sai kuma ido ɗaya ya dushe. Ni maƙwabcinsa ne, ni nake raka shi asibiti, saboda haka na sha wannan labari har na ƙoshi.

Tun farko ya yanke hukuncinsa: mataccen jini ne ya taru a jijiyar wuya. Mutumin da ya shekara ashirin yana kafa wa manoma ƙaho a ƙeya, wa zai koya masa jini? Ƙanensa Almustapha, shi ma wanzami, ya yi masa ƙaho sau huɗu. Duk sanda ciwon ya lafa don kansa sai a ce ƙahon ne. Ni ma haka nake cewa, don in huta.

Ba mutuwa yake tsoro ba. Askin suna yake jin tsoron ya kuɓuce masa, domin a unguwarmu ba a miƙa kan jariri ga kowa sai shi.

Malumfashi suka tura mu Funtuwa, Funtuwa suka tura mu Zariya. Can aka zura shi cikin na'ura, aka ɗauki hoton kansa da wuyansa. Likitar da ta karanta mana, Dakta Risikat, Bayarabiya ce haihuwar Funtuwa, Hausarta ta fi tawa. Maitama ko kallon hoton ƙwaƙwalwar bai yi ba, na wuyan ya ƙura wa ido. Jijiyoyin jini biyu sun sauko, ta dama kamar karan dawa, ta hagu siririya.

"Likita, ga ta nan," in ji shi. "Ta hagun ta tsuke. Ku buɗe ta in koma aikina."

"Malam Maitama, idonka ya gani daidai. Amma mutane da yawa haka Allah ya yi su, kuma lafiyarsu lau. A Turai ma an taɓa zargin jijiyar nan, har aka buɗe wa masu irin ciwonka ita, ba su warke ba." Ta nuna wasu fararen ɗigo a hoton ƙwaƙwalwa. "Ciwon ga shi nan. Na ƙwaƙwalwa ne da laka, MS muke ce masa da Turanci. Ana rage masa ƙarfi da magani, amma ba a cire shi."

"To hannun fa?"

"Wata rana zai ji, wata rana ba zai ji ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Bai yarda ba. Shekara guda yana yawo da hoton wuyan nan a zabira, yana ɗaga wa mutane shi a kasuwar Kafur, su kuma suna gyaɗa kai kamar sun karanta. Wallahi na gaji da shi, kuma tausayinsa bai bar ni na faɗa masa ba.

Da kaka ta wuce, Asma'u, 'yar wansa, ta haihu. Ranar suna da hantsi aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora masa jaririn a cinya. Ya wasa aska, ya ɗora babban yatsansa a bakinta don ya ji kaifinta, yadda ubansa ya koya masa. Bai ji komai ba. Ya ƙara dannawa. Sai da jini ya ɗiga a kan rigarsa sannan ya san ya yanke.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Daga nan ya wanke askar, ya miƙa wa Almustapha.

"Ka bi a hankali wajen maɗiga," ya ce.

Ya tashi ya zo ya zauna kusa da ni cikin 'yan suna. Mai rabon goro ya iso kanmu, ya ba shi guda biyu kamar kowa.