Allurar da Ta Biyo Dilar Jallabiya

Baba ya shekara goma sha biyu da ciwon suga kafin likita ya ɗora shi a kan allura. Tela ne, shagonsa na jikin gidanmu a Fagge, kuma bai taɓa yarda a aiki wani sayo masa magani ba. Duk farkon wata sai ya ɗauki ƙaramin fulas, ya hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, wurin wata mai kemis da muke kira Madam. Inyamura ce haihuwar Kano, Hausarta ta fi tawa. Ita ke zuba masa ƙanƙara a fulas ɗin, ta saka allurar, ta ce, "Malam, gida kai tsaye, ban da tsayawa hira." Da yake wuta ba ta zama a unguwarmu, Inna ta cika wata tukunya da jiƙaƙƙen yashi ta ajiye a gindin randa, a ciki ake binne gwangwanin maganin.

Da kaya suka yi tashin gwauron zabo, allurar ma ta bi su. Baba bai yi ƙorafi ba, amma na lura ya daina sayen nama ran Juma'a. A makarantar da nake koyarwa na ji wata malama tana cewa a Masar irin wannan allurar arha ce. Yayana kuwa yana da rumfa a Kantin Kwari, yakan je Alƙahira saro jallabiya da abaya. Ni na ɗauki hoton kwalin na tura masa.

Ya samo, a babban kantin magani ma, suna ɗaya, kwali ɗaya, ta wata shida. Sai dai ranar dawowa jakarsa ta yi nauyi, ya tura kwalayen cikin dilar jallabiya, ya bar wa masu aiko kaya. Dilar ta yi sati uku a hanya, ga shi lokacin bazara ne. Daga ni har shi babu wanda ya kawo komai a ransa. Mun san ana ajiye ta a wuri mai sanyi, amma mun ɗauka tunda ba a buɗe ba ai shi ke nan.

Ranar da Yaya ya kawo, Baba ya ɗora kwalayen a cinyarsa yana shafawa. Ya yi ta sa albarka har Yaya ya ji kunya ya tashi ya fita.

Bayan kamar wata guda sai Inna ta ce min randa ba ta kai la'asar yanzu. Baba sha yake yi, ya ɗauki buta, ya dawo ya ƙara sha. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idan zai zura zare sai ya miƙa wa duk wanda ke kusa. Na tambaye shi, ya ce, "Zafi ne, 'yar nan. Wa zafin bana ya bari?" Tsinken na'urar gwajin sugansa ya ƙare, na ce zan sayo, ya ce ba gaggawa. Na yarda, don na so in yarda.

Wata Asabar da hantsi ina tsakar gida ina tsince wake sai na ji sallama. Madam ce, da leda cike da yalo a hannu. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, sai da ta yi tambaya a bakin titi.

"Wata biyu ban ga Malam ba," ta ce da Inna. "Na ce ko na yi masa laifi ne, ko kuma ba lafiya."

Baba ya fito daga ɗaki yana dafa bango. Tana ganinsa murmushinta ya ɗauke. Ta ciro na'ura daga jaka, ta soki yatsansa, ta dubi abin da ya fito, ba ta faɗa mana ba. Ta ce in kawo mata allurar da yake yi. Na tono gwangwanin na miƙa mata. Ta ɗaga guda ɗaya ta saita da hasken rana. Ruwan da ya kamata ya zama garau ya yi duhu-duhu, da wasu 'yan gudaji suna yawo a ciki.

"Wa ya kawo wannan?"

Na ba ta labari duka, har da dilar.

"Ba jabu ba ce," ta ce. "Ta gaske ce. Amma ta dahu a hanya, 'yata. Ruwa kawai yake tsira wa kansa. Ki kira yayanki, asibiti za mu yanzu."

Da ita aka tafi, shagonta ya wuni a rufe. A cikin adaidaita ta riƙe kwalbar ruwa tana ba Baba kaɗan-kaɗan, tana yi masa faɗa. Ta ce da ya zo ya gaya mata allurar ta fi ƙarfinsa, da ta tura shi wurin likita an canja masa wata mai sauƙin kuɗi, ta kwalba, wadda ake zuƙa da sirinji. Baba ya ce, "To, Madam, na ji." Haka kuwa aka yi daga baya.

Kwana huɗu ya yi a gado. Likita ya ce da an ƙara 'yan kwanaki da labarin ya sha bamban. Idonsa ya washe a hankali, ko da yake na hagu bai koma daidai ba har yau.

A rana ta biyu Yaya yana zaune a bakin gadon, ya kasa ɗaga kai. Baba ya ce masa tun sati na biyu ya gane allurar ba ta aiki, domin jikinsa ba baƙonsa ba ne.

"To me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"Ka je ƙasar mutane da harkokinka, ka tuna da ni. In ce maka abin da ka kawo bai yi ba? Na ce bari in ƙarasa kwali ɗaya tukuna, wataƙila na gaba ya fi."

Yaya ya kifa fuskarsa a katifa. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Baba ya ɗora hannu a ƙeyarsa, ya bar shi sai da ya gama.

Ni sai da Yaya ya fita sallar azahar na samu bakin magana. Na ce, "Baba, ba laifin Yaya ba ne. Ni na kawo shawarar, ni na tura masa hoton."

Ya dube ni ya yi 'yar dariya. "Na sani mana. Tun kina ƙarama ba a yin abu a gidan nan ba da bakinki ba." Sai ya nuna ƙarƙashin matashi. "Miƙo min hulata. Na ji muryar mutanen masallaci a waje, kada su same ni haka."